Maigida ya saya mini tabilet, aikina kuwa kwamfuta yake nema

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar sakandare ce a Kano, ina da 'ya'ya biyu, kuma ina digiri na biyu a fannin ilimi. Laftof ɗina ta tsufa, ta riƙa mutuwa ana tsakiyar aiki, har ta daina tashi gaba ɗaya. Maigidana ɗan kasuwa ne a Kwari, bai yi boko mai zurfi ba, amma shi ya tsaya mini a karatun nan tun daga sayen fom. Da ya ɗauki adashinsa, ban ankara ba sai ga shi da sabuwar tabilet ta Samsung mai inci 11 a kwalinta, da murfi mai kibod da alƙalaminta. Ya ce mai shagon ya tabbatar masa ita ma kwamfuta ce, har ta fi, tunda ba ta cin wuta. Tsohuwar kuwa da yardata aka ba ƙaninsa da ke poli, ya kai aka gyara, yanzu tana aiki garau.

Ga shi na kai babi na huɗu. Malamin da ke duba kundina ya ce da manhajar SPSS zan yi nazarin alƙaluma, ita kuwa ta ƙi hawa tabilet ɗin. Word ma in na buɗe sai ta ce sai na biya kafin in gyara rubutu. Na koma wata manhaja, amma in na tura wa malam sai jadawalai su wargaje, ya dawo mini da aikin cike da jan biro. Yanzu in an tashi daga makaranta sai in biya ta shagon buga takardu in yi awa biyu ina biya, in ce wa maigida darasin yamma ne ya tsare ni. Albashina sai zurarewa yake yi. Shi kuwa duk baƙon da ya zo sai ya ce a ɗauko "kwamfutar Malama" a nuna masa. Yayata ta ce in sayar da ita a ɓoye in sayi laftof ta hannu, in ya tambaya in ce an sace. Zuciyata ta kasa. Wata huɗu ya rage in kare kundin. Shin tabilet tana iya maye gurbin kwamfuta ne, ni ce ban iya ba? In kuma ba ta iyawa, yaya zan faɗa masa bai ɗauke ni butulu ba?

Maman Biyu, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki cire wa ranki zargin kai tukuna, domin ba rashin iyawarki ba ne. Ko malamin kwamfuta aka miƙa wa tabilet ɗin nan aka ce ya ɗora mata SPSS, haƙuri zai ba da. Tabilet tana maye wa mutane da yawa gurbin kwamfuta har su manta da ita: mai karatu, mai rubuta wasiƙu, mai lissafin shago, mai shiga taro ta Zoom. Ke ma tana ɗauke miki mafi yawan aikinki. Abin da ta gaza a kai ɗan kaɗan ne, sai dai ya faɗo daidai kan babi na huɗu, inda ba a tsallakewa.

Ki fahimci dalilin sosai, don da shi za ki yi wa maigida bayani. Kowace na'ura tana da tsarin da take tafiya a kai. Laftof ɗinki ta da Windows ce, tabilet ɗin Samsung kuwa Android ce, irin ta wayar da ke hannunki. SPSS, wadda kamfanin IBM ya saya a 2009, an gina ta ne don Windows da kwamfutocin Mac. Shi ya sa in kin sauke fayil ɗinta, wanda sunansa ke ƙarewa da .exe, kika taɓa shi, sai tabilet ta ce ba ta san abin da za ta yi da shi ba. Ba ƙarfi ne ya yi mata kaɗan ba, ba kuma don an sayi mai araha ba. A 2021 kamfanin Apple ya sa wa tabilet ɗinsa iPad Pro ƙwaƙwalwar M1, irin wadda ke cikin laftof ɗinsa na MacBook, kuɗinta kuwa ya fi na wasu laftof ɗin, amma ita ma SPSS ba ta hawanta. Da maigida ya ninka kuɗin da ya kashe sau uku, a nan dai za a tsaya. Tabilet ɗin da ke ɗaukar irin wannan manhaja ita ce wadda Windows ce a cikinta tun asali, kamar Surface Pro ta Microsoft, wadda a gaskiya laftof ce aka cire wa kibod. Abubuwan da za ki gani a Play Store masu ɗauke da sunan SPSS kuwa yawancinsu darussan koyo ne. Kada ki yarda wani ya ɗora miki wata manhajar sata da sunan ya fasa ta. Ta nan ake shigo wa mutane da masu leƙen asirin waya, ga kuma manhajar banki a ciki.

Mai shagon ba zan ce ƙarya ya shirga gaba ɗaya ba, rabin gaskiya ya faɗa, wanda shi ne abincin 'yan kasuwa. Kamfanoni sun daɗe suna ƙoƙarin mayar da tabilet kwamfuta. Samsung ta fito da DeX a 2017, wani tsari da ke sa fuskar na'ura ta koma kamar ta kwamfuta, ki buɗe tagogi biyu ko uku gefe da gefe, ki yi aiki da maus. Ki ja allon daga sama ki duba ko taki tana da shi, don ba kowane samfuri ba ne. In akwai, zai sauƙaƙa miki karatu a gefe ɗaya, rubutu a ɗaya gefen. Amma kamanni kawai ya canza, manhajojin dai na Android ne.

Batun Word kuwa wata doka ce ta Microsoft da mutane da yawa ba su sani ba sai sun ci karo da ita: a na'urar da allonta bai wuce inci 10.1 ba, gyaran rubutu kyauta ne; da ya wuce haka sai an biya kuɗin Microsoft 365. Taki inci 11 ce, ta haura da kaɗan, shi ne ta koma ta karatu kawai. Mafita mafi sauƙi ita ce ki buɗe burauza, ki shiga Word ta intanet da asusun Microsoft na kyauta, ki yi rubutunki a can. Tana cin data, amma ba sosai ba, kuma fayil ɗin da za ta fitar ya fi jituwa da Word ɗin da ke kwamfutar malaminki. Ki kuma tambayi sashen kwamfuta na jami'arku ko imel ɗin ɗalibai yana zuwa da Office, wato ƙunshin manhajojin Microsoft da Word take ciki, don wasu jami'o'in suna da wannan tsari, ɗalibai ne ba sa tambaya. Wargajewar jadawali tana faruwa ne idan aka rubuta a manhaja ɗaya aka buɗe a wata, musamman in salon haruffan da kika zaɓa babu shi a can. Saboda haka ki tsaya a manhaja ɗaya, ki tsaya a Times New Roman ko duk abin da sashenku ya tanada, kuma duk sanda za ki tura wa malam ko za ki kai a buga, ki haɗa da kwafin PDF. Shi PDF yadda kika bar shi haka zai isa.

Duk da haka akwai ƙananan ayyukan ƙarshe da ba na so ki wahalar da kanki da su a tabilet: lambobin shafi na Romawa a shafukan farko sannan na yau da kullum daga babi na ɗaya, jerin jadawalai, shafi ɗaya a kwance a tsakiyar na tsaye, da jera manazarta. Manhajoji irin su Zotero da ke jera manazarta da kansu a cikin Word, wannan haɗin nasu a kwamfuta yake aiki, ba a Word ta tabilet ba. Ana iya lallaɓawa, amma abin da zai ci miki yini guda a kan gilashi da yatsa, awa ɗaya ne da maus.

Kada fushin babi na huɗu ya rufe miki ido daga abin da kika samu. Ɗalibin digiri na biyu rabin rayuwarsa karatun muƙalu ne, kuma a wannan babu laftof da ta kama ƙafar tabilet mai alƙalami. Ki buɗe PDF, ki ja layi, ki rubuta a gefe da hannunki, yaro na barci a cinyarki. In an ɗauke wuta, laftof ta hannu awa biyu ko uku ta yi miki sallama, cajarta kuma tana neman wat 45 zuwa 65, sai janareta ko inbata. Tabilet kuwa tana kai ki dare, in ta yi ƙasa fawa banki ko ƙaramar sola ta ishe ta. Ga ɗaukar murya in kina hira da malamai, ga ɗaukar hoton takardu, ga shirya darasin ajinki. A garin da wuta take zuwa ta tafi ba sallama, mutumin da ya yi tunanin "ba ta cin wuta" ya san gidansa.

To, mu zo kan abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wanda ba na'ura ba ne. "Darasin yamma ne ya tsare ni." Na san da kyakkyawar niyya kika fara, don kada ki kashe masa gwiwa. Amma ki dubi inda hanyar ta nufa. Kano da girmanta, ƙarama ce a wajen ganin ido. Ranar da wani abokinsa ko wata 'yar uwarsa ta hango ki kina fitowa daga shago da la'asar sakaliya, ta kai labari, ba wanda zai tsaya tambayar SPSS. Tambayar za ta zama: me ya sa ta ce tana makaranta? Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma abin takaici a nan shi ne kin ɗauki nauyin ƙarya a kan abin da babu laifi a cikinsa ko kaɗan. Kuɗin da ke zurarewa ma na gidan ne, ko da daga albashinki yake fita. In kika tara abin da kika biya a shagon zuwa yau, da abin da za ki biya nan da wata huɗu, da kuɗin adaidaita, za ki ga ya kama hanyar kuɗin laftof ta hannu. Ki zauna da biro ki yi wannan lissafin yau, za ki buƙace shi.

Shi kuma maigida, ki dube shi da kyau. Mutumin da adashinsa ya fito, yana da inda zai zuba shi a shago, musamman yadda kaya suka yi tsada tun da darajar naira ta faɗi a 2023, amma ya ɗauka ya nufi kasuwar na'urori shi kaɗai, wurin da ba fagensa ba, don ya ba ki mamaki. Da yake cewa a ɗauko "kwamfutar Malama", ba gilashin yake nuna wa baƙi ba. Yana nuna musu cewa matarsa tana digiri na biyu, kuma da hannunsa a ciki. Burinsa ki gama. In haka ne, wanda ya fi kowa cutuwa da shirunki shi ne, don yana zaune yana ganin ya share miki hawaye, alhali kina biyan kuɗin haya a kan kujerar wani. Ina ganin kin raina ƙarfin zuciyarsa kaɗan. Ɗan Kwari ya san a sayar wa mutum kaya a ce masa kaza ne, ya je gida ya tarar ba haka ba. Abin da zai yi masa zafi ba kuskuren saye ba ne, a ce kowa ya sani, har yayarki, shi kaɗai aka bari a duhu.

Yayarki tana son ki, ta ga kina ramewa ne. A shari'a ma kyauta in ta shiga hannu ta zama taki, kina da ikon sayarwa. Sai dai shawararta ta haɗa abu biyu, sayarwa da cewa an sace, na biyun kuwa ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Da kin ce an sace, za a tambaya a ina. In kin ce a makaranta, kin shafa wa ɗalibanki da abokan aikinki baƙin fenti. In kin ce a gida, ido zai koma kan 'yar aiki, ko almajirin gidan, ko yaran maƙwabta, wani ya sha dukan abin da bai ji ba bai gani ba. Sannan a tambaye ki ina kika sami kuɗin laftof. Ga asara kuma: na'ura da an yage ledar kwalinta farashinta ya faɗi, mai saye kuma in ya ga kina sauri sai ya taya yadda ya ga dama. Ki gode mata, ki ce za ki yi magana da Abban yara, ki roƙe ta maganar ta tsaya tsakaninku.

Yadda za ki faɗa masa. Kada ki tare shi da ita yana shigowa da gajiyar kasuwa, kada kuma a gaban yara ko baƙo. Ki bari ya ci abinci, ya yi isha'i, hankali ya kwanta. Ki ɗauko tabilet ɗin, ki zauna kusa da shi, ki fara nuna masa abin da kika yi da ita: ga muƙalun da kika karanta da jan layinki a kai, ga babi uku da kika rubuta. Yaba kyauta tukwici, kuma wannan yabon gaskiya ne, ba share fage ba. Sannan ki buɗe saƙon malam ko takardar da ya yi wa jan biro, ki taɓa fayil ɗin SPSS a gabansa ya ga yadda ta ƙi da idonsa. Ki ce masa wani abu kamar haka: "Abban yara, wannan ta kawo ni har babi na huɗu. Saura aiki ɗaya da malam ya ce dole sai da irin waccan kwamfutar, ko wace irin tabilet ce ba ta yin sa. Ina so mu yi shawara." In kina son misalin da zai shige shi nan take, ki ce masa adaidaita sahu tana kai mutum ko'ina a gari, amma ranar da dilolin atamfa suka sauka, akori-kura ake nema, kuma ba wanda ya ce adaidaita ta yi laifi.

Daga nan sai ki faɗi na shagon, da bakinki, a zaman nan ɗin, kada ki bar shi sai wani jiƙon. "Na ji nauyin faɗa maka ne, shi ya sa nake biyawa ta shagon buga takardu in an tashi, na ce maka darasi ne. Ban kyauta ba, ka yafe mini." Kada ki tsawaita, kada ki kare kanki. Zai yiwu ya yi shiru, zai yiwu ya ɗaure fuska kwana ɗaya ko biyu, yana da haƙƙin hakan. Abu ɗaya nake roƙonki: kalmar "an cuce ka" kada ta fito daga bakinki, ko "da ka tambaye ni". Ya riga ya faɗa wa kansa, ba sai kin maimaita ba.

Kuma kada ki je masa da matsala tsirara, ki je da hanyoyi. Abin da zai ba ki mamaki shi ne ƙanƙantar lokacin da kike buƙatar kwamfuta a zahiri. Aikin da ya fi cin lokaci a babi na huɗu shi ne shigar da amsoshin takardun tambayoyi, wannan kuwa tabilet tana yin sa. Ki buɗe Google Sheets, ki ba kowane mai amsawa layi ɗaya, kowace tambaya ginshiƙi ɗaya, ki sa wa layin farko gajerun sunaye irin su jinsi, aji, T1, T2, T3. Amsoshin ki mayar da su lambobi: namiji 1, mace 2, "na yarda ƙwarai" 4, har zuwa "ban yarda ba sam" 1, ko yadda ma'auninki yake. Ki rubuta ma'anar lambobin a takarda ki ajiye, ki kuma sa wa kowace takardar tambaya lamba da biro daidai da layinta, don in an sami kuskure a san inda za a koma. In kin gama ki adana shi a matsayin fayil ɗin Excel ko CSV, SPSS tana buɗe duka biyun. Nazarin kansa, wato ƙirga yawan amsoshi, matsakaici, da gwaje-gwajen hasashenki, in bayanan sun shiga da tsabta aikin yini ɗaya ne ko biyu. Ƙara wasu 'yan kwanaki na gyaran fasali kafin a buga, da na gyare-gyaren bayan kare kundi. Ke nan ba kwamfutar dindindin kike nema da gaggawa ba, ta 'yan kwanaki kike nema a lokuta uku.

Hanya mafi kusa tana gidanku: laftof ɗin da ke hannun ƙanin maigida. Ban ce a karɓe ta ba. Da yardarki aka ba shi, ya kashe kuɗinsa ya gyara, shi ma ɗalibi ne, karɓewa za ta bar tabo tsakaninki da dangin miji wanda ya fi kundin daɗewa. Aro nake nufi, kuma ta bakin yayansa, ba ta bakinki ba. Ya kawo ta ranar Juma'a da yamma ya karɓa Lahadi, in ba jarrabawa yake yi ba. Kina ma iya yi masa musaya a kwanakin, ya riƙe tabilet ya yi karatu da ita. Ki yi masa ɗan alheri, ko na data ne, ya ji ba ƙwace ba ne. Akwai kuma dabarar sarrafa kwamfuta daga nesa da manhaja irin Chrome Remote Desktop ko AnyDesk, inda laftof tana ɗakinsa a kunne ke kina juya ta daga tabilet. Tana aiki, amma sai wuta da intanet sun tsaya a ɓangarorin biyu lokaci guda, saboda haka ki ɗauke ta a matsayin ta-ko-ta-kwana kawai.

Hanya ta biyu, jami'arku. Ki tambayi sashenku da ɗakin karatu ko akwai ɗakin kwamfutoci na ɗaliban gaba da digiri, da kuma ko akwai SPSS a kai. Ki kuma gaya wa malaminki halin da kike ciki a taƙaice, ba sai kin shiga zancen gida ba: "Malam, tabilet nake aiki da ita." Ki tambaye shi ko zai karɓi sakamako daga jamovi, wata manhajar nazarin alƙaluma ta kyauta wadda take da sigar da ke aiki a cikin burauza, tana kuma yin gwaje-gwajen da aka saba yi a kundin ilimi. Wasu malaman ba ruwansu da sunan manhaja muddin lissafi ya fita daidai, wasu kuwa sun saba da fasalin jadawalin SPSS ba sa son ganin wani. In ya ce a'a, kada ki ja. Wata huɗu ba lokacin jayayya da mai sa hannu ba ne.

Hanya ta uku, saye. In maigida da kansa ya ce a nemi laftof, ko kuka ga za ku haɗa kuɗi a hankali, ni zan fi so a riƙe tabilet a ƙara da ta hannu, maimakon a yi musaya a yi asara biyu. Tunda ke malama ce, in Allah ya kai ki digiri na uku ko aikin jarrabawa da sakamakon ɗalibai ya ƙaru, za ki sake buƙatarta. Ku tafi tare da ƙanin nasa, ko kasuwar kwamfutoci ta Beirut Road ko duk inda kuka yarda da shi. A nemi mai RAM, wato ma'ajiyar aikin da take kai a lokacin, 8GB zuwa sama, mai ma'ajiyar SSD ba tsohon faifai mai juyawa ba, kuma in ƙwaƙwalwarta ta kamfanin Intel ce ta kasance zubi na 8 ko sama da haka, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin waɗanda suka girmi haka a hukumance. Irin waɗanda ofisoshin Turai ke sallamawa, su ThinkPad da Latitude da EliteBook, sun fi jure wahala. A cire caja a shagon a ga yadda batir ke sauka, a danna kowane maɓalli, a gwada ramukan filash, a karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti a rubuce. Wannan karon ke za ki faɗi aikin da za ta yi, shi ya yi ciniki, kowa a fagensa.

Wani abu da ban gani a wasiƙarki ba amma na san yana zuwa: yaron shagon buga takardu zai ce ki kawo takardun ya yi miki babi na huɗu gaba ɗaya, ki biya ki huta. Kada ki yarda. Ranar kare kundi malamin waje zai ɗora yatsa a kan jadawali ya ce me ya sa kika zaɓi wannan gwajin ba wancan ba, me wannan lambar take nufi, yaron kuwa yana shagonsa. In kina son mai koya miki, ki nema, amma ke za ki riƙe maus. Ga kuma amanar waɗanda suka amsa miki tambayoyi, ɗalibai ne da malamai, bai kamata bayanansu su kwana a kwamfutar da kowa ke hawa ba. Abin da kika riga kika bari a can ki je ki kwashe ki goge, ki fita daga imel ɗinki. Filash ɗin da ya shiga kwamfutocin shago kuma kada ki soka shi a laftof ɗin aro sai an bincike shi, don ta nan cutar kwamfuta da ke ɓoye fayiloli ta bar alamominsu kawai take yawo. Kowane dare ki tura wa kanki kundin ta imel ko ki ɗora a Google Drive, ki sa kwanan wata a sunan fayil ɗin.

In ya zama maigida ya ɗauki abin da zafi fiye da yadda nake zato, ya ce shi dai ya yi nasa, kada ki mayar da martani kuma kada ki koma ɓoyo. Ki ce kin ji, ki nemi izininsa a fili na zuwa ɗakin kwamfutocin makaranta ko shagon a ranaku sanannu, ya san inda kike da lokacin dawowarki. Ki ci gaba da aiki da tabilet ɗin a gabansa, kada ta koma cikin kwali kamar an yi fushi da ita. Ki sayi ɗan maus mai Bluetooth da abin jingina ta ta daidaita da idonki, don wuyanki da bayanki, domin shigar da amsoshin mutum ɗari biyu ko uku a sunkuye ba wasa ba ne. Ki fara shigar da su tun gobe, ko an yi maganar ko ba a yi ba, maganar kuma kada ta wuce makon nan. Allah ya ba da sa'ar karewa, ya ƙara muku fahimtar juna.